Digirin Soshiyal na dogon hutu: abin da na samu da abin da ya ɓata min rai

Salam 'yan uwa malamai. Tun da na karɓo sakamakona ake ta kirana a waya, wai malam ya karatun nan yake, ya kai kuɗin da wahalar ko kuwa, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ni NCE na fara yi, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, shekara uku, na dawo garinmu nan ƙasar Auyo ina koyar da Soshiyal Sitadis a ƙaramar sakandare, aji ɗaya zuwa uku. Sai da na shekara shida da alli a hannu sannan na yi rijistar digirin B.Ed na dogon hutu a wata jami'a a birni, irin wanda ake zuwa in an tashi ɗalibai a koma bakin aiki in an dawo. Shekara huɗu na yi ina safa da marwa, kuɗin makaranta kuma daga riɗina yake fita, duk kaka sai na ware buhu na ce wannan na boko ne kada kowa ya taɓa.

Abin da ya fi komai amfani a wajena kwas ɗin dabarun koyarwa ne, kuma saboda mutum ɗaya, wani dattijon lakcara, Allah ya saka masa da alheri. Ranar farko ya ba mu tarihin darasin, yadda aka fara gwada shi a makarantar Aiyetoro can ƙasar Yarbawa wajen 1963, da taron da ƙasashen Afirka suka yi a Mombasa ta Kenya a 1968, inda aka ga cewa yaron Afirka ya san kogunan Ingila amma bai san na bayan gidansu ba. Na ɗauka haddar shekaru za mu yi mu wuce, kawai sai ya nuna ni ya ce malam daga ina, na ce Auyo, ya ce mene ne ke hana mutanenku barci, na ce ambaliya ranka ya daɗe, da kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Ya ce to me ka koya wa yaranka a kai? Wallahi shiru na yi, don shekara shida ina rubuta musu ma'anar muhalli a allo suna kwafa, ruwa kuma yana cin gonakin iyayensu ban taɓa haɗa biyun ba.

Shi ya sa ni na zauna na bi kogin Haɗeja tun daga sama, dam ɗin Tiga da na Challawa a jihar Kano, yadda sakin ruwa duk shekara ya sa wuraren da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa, kachalla ta samu wurin zama ta cika hanyar ruwa, in damina ta yi ƙarfi ruwa ya rasa inda zai bi sai gona da gari. Da na koma gida na fito da 'yan aji biyu waje muka zana taswirar garin a ƙasa da tsinke, nan kogi, nan fadama, nan burtali, yaran da ko sunansu ban cika ji ba a aji su ne suka riƙa gyara min, malam ba nan ruwan ya karyo ba a 2022, ta bayan makabarta ne. Daga baya na roƙi mai unguwa da arɗo suka zo aji ɗaya suka yi wa yara bayanin yadda a da ake raba rigimar manomi da makiyayi, da dalilin da ya sa cinye burtali yake jawo fitina. Wannan darasi ko a jarrabawa babu yaron da ya faɗi shi.

Akwai kuma gwajin koyarwa da muke yi gaban 'yan ajinmu, minti goma kowa, a tsaya a feɗe maka kurakuranka. Da zafi amma yana gyara mutum, a nan na gane ni kaɗai nake magana tun daga shiga aji har fita.

To yanzu inda aka gaza. Lokacin karatun ya faɗo tsakiyar damina, Agusta, daidai lokacin da gona take bukatar mai ita kuma hanyarmu take yankewa, akwai shekarar da sai da na shiga kwalekwale kafin na samu mota. Karatun semista guda ake dannawa cikin 'yan makonni, lakca tun safe har la'asar sakaliya, ɗaki cike maƙil, lasifika rabin lokaci ba ta aiki, in ba ka yi sammako ka kama gaba ba to sai dai ka ari littafin wani. Wasu malaman ba ka ganinsu sai sau biyu uku, sai a ce a je a sayi handawut, kuma kowa ya san abin da rashin saye yake jawowa. Sakamakona na kwas ɗaya ya ɓata, na yi zuwa huɗu ofis kafin a gano, kowane zuwa kuɗin mota ne da kwana. Matan da suka zo da goyo su suka fi ba ni tausayi, babu wani wuri da aka tanada musu, a gindin bishiya 'yan raino suke wuni.

TP ma, wato aikin gwajin koyarwa a makaranta da ake turo mai duba ka, ban ji daɗinsa ba. Wanda aka turo ya duba ni sau ɗaya ya zo, bai yi kwata a ajin ba, ya duba littafin shirin darasi ya sa hannu ya ce hanya ba kyau zai koma. Na so ya zauna ya ga aji mai yara sama da tamanin, rabi a ƙasa, ya gaya min yadda zan raba su rukuni rukuni kamar yadda aka koya mana.

Amma babban abin da har yau yake ci min rai maganar harshe ce. Shekara huɗu babu kwas ɗaya da ya zauna ya koya mana yadda za ka koyar da yaron da ya shigo aji ɗaya ba ya iya karanta jimlar Turanci, alhali littafi da jarrabawa duk da Turanci suke. Kowa a ajinmu ya san Hausa muke juyawa in mun rufe ƙofa, lakcarorin ma sun sani, amma ba a yarda a yi maganar a fili ba balle a koya mana yin ta da tsari. Ni da kaina nake zama da dare ina neman yadda zan ce wa yaro dimokuraɗiyya ko haƙƙin ɗan ƙasa ya gane, sannan in mayar da shi kan kalmar Turancin don kada ya faɗi jarrabawa.

Ƙannena masu shirin shiga, abu biyu. Digirin ba ya ɗauke maka rijistar TRCN, hukumar rijistar malamai ta ƙasa, jarrabawarsu daban ce kuma a kwamfuta ake yi, ka fara koyon riƙe linzami tun yanzu. Sannan Soshiyal ƙarfinta a ƙaramar sakandare yake, in aka kai ka babbar sakandare darasin haƙƙin ɗan ƙasa ko Tarihi ko Labarin Ƙasa za a miƙa maka, don haka kada ka raina waɗannan kwasakwasan. Wanda kuma bai fara aiki ba kuma yana da hali, ni dai gara ya bi ta JAMB ya nemi DE, wato shiga kai tsaye, ya shiga aji biyu na jami'a ya zauna ya yi karatun a nutse. Na hutu na irinmu ne masu iyali da gona da aji a wuya.

In maki zan ba su, shida cikin goma, huɗu daga ciki na dattijon nan ne. Abokin aikina mai koyar da Hausa ya sayi fom bana, na ce masa ya nemi wanda zai riƙe masa noman Agusta tun kafin ya biya kuɗin rijista.