Sharhi Kan Jakar Goyo Mai Salkar Ruwa, Bayan Na Yi Amfani Da Ita A Duwatsun Bauchi Da Gombe

Jakar da zan yi bayani a kanta ƙaramar jakar goyo ce wadda aka yi wa aljihu na musamman ta ɓangaren da ke manne da bayan mutum, inda ake zura wata salka ta roba mai cin lita 2, wato daidai da ledar ruwan sha guda 4. Daga gindin salkar akwai tiyo siriri da ke zagayowa ta kan kafaɗa ya sauko ƙirji, a bakinsa kuma akwai wata 'yar roba mai laushi wadda ba ta sakin ruwa sai an ɗan cije ta an tsotsa. Na saye ta a wani shagon kayan wasanni a cikin garin Bauchi, kuma tun daga lokacin ita nake goyawa idan za mu hau Dutsen Zaranda da ke kan hanyar Jos, ko duwatsun Tula a ƙaramar hukumar Kaltungo, ko Dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa, haka nan idan muka fita tseren keke a kan hanyar Bauchi zuwa Dindima.

Babban abin da ta canza mini shi ne yadda nake shan ruwa. Mai ɗauke da gora a cikin jaka sai ya tsaya, ya sauke kaya, ya buɗe, ya sha, ya mayar, kuma saboda wannan ɗawainiya yakan yi ta jan lokaci har sai ƙishirwa ta ci ƙarfinsa, sannan ya kwankwaɗi ruwa mai yawa lokaci guda, cikinsa ya yi nauyi. Da wannan jaka kuwa mutum yana tafiya yana kurɓa kaɗan-kaɗan ba tare da ya dakata ba. Amfanin hakan ya fi fitowa a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda shi ne lokacin da muka fi fita, domin busasshiyar iska tana shanye gumi tun kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya ɗauka bai rasa ruwan jiki ba, alhali leɓɓansa sun fara tsagewa kuma kansa ya fara sarawa. Tun da na koma kurɓa a kai a kai, ciwon kan da nake dawowa da shi gida da yamma ya ragu ƙwarai.

Akwai kuma batun hannu. A wasu wurare a Zaranda dutsen shimfiɗaɗɗe ne mai santsi, sai mutum ya dafa da tafukansa biyu yana neman inda zai kafa ƙafa, kuma a irin wannan wuri riƙe gora a hannu haɗari ne. A kan keke ma haka abin yake, musamman a titin da manyan motoci ke wucewa da gudu zuwa Gombe, inda sakin kan keke don laluben gora ba ƙaramin ganganci ba ne.

Lita 2 na ruwa nauyinsa kilo 2 ne, amma da yake salkar a shimfiɗe take a tsakiyar baya, ba ya jan mutum gefe ɗaya. Maɗaurin ƙirji da na ƙugu suna riƙe jakar sosai idan an ɗaure su daidai. Ga wanda ƙarar ruwa ke damunsa yayin gudu, maganin abin mai sauƙi ne: bayan an cika salkar sai a juya ta kai ƙasa a tsotse iskar da ta taru ta tiyo, ruwan zai daina kaɗawa.

To amma wanda ya ƙera wannan jaka bai ƙera ta da zafin Maris da Afrilu na ƙasarmu a ransa ba, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Bauchi da Gombe. Salkar fata da matafiya da makiyaya suka sani tana tsatsafo kaɗan ta jikinta, iska tana busar da danshin, ruwan ciki ya yi sanyi. Roba ba ta tsatsafo, ga ta kuma manne da bayan mutum mai zafi, saboda haka kafin azahar ruwan ya zama ɗumi, wani lokaci har da ɗanɗanon roba, musamman tana sabuwa. Wanda ke cikin tiyo ya fi muni, domin rana ce ke dukansa kai tsaye, kurɓar farko kullum da zafi take zuwa. Dabarar da na ga tana aiki ita ce, bayan an sha sai a hura iska a mayar da ragowar ruwan cikin salka, tiyon ya zauna babu komai. Idan an sami ƙanƙara aka zuba da asuba, bakin salkar yana da faɗin da zai karɓe ta, kuma sanyin kan kai har hantsi ya ɗaga sosai. Sai dai samun ƙanƙara ya danganta da samun wuta, ba kuma kullum ake dacewa ba.

Wani abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne ba a ganin yawan ruwan da ya rage. Gora ana ɗaga ta a duba, amma wannan tana ɓoye a baya, sai dai mutum ya ji tsotson ya fara jawo iska. A kan dutsen da babu rijiya ko ƙorama kusa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jakar ta mutum ɗaya ce, mu kuwa ruwan tafiya ba na mutum ɗaya ba ne. Muna gangarowa daga Tula wata rana da la'asar sakaliya, sai muka tarar da wani dattijo zaune a inuwar tsamiya, ya ajiye damin itace a gefensa, gumi ya bushe ya bar farin gishiri a wuyan rigarsa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, ko da ruwa a tare da kai?" Na ce, "Akwai, Baba." Amma ba zai yiwu in miƙa wa dattijo tiyon da na yini ina tsotsa ba. Sai da na sauke jakar, na zaro salkar, na kwance murfinta, na tsiyaya masa a wani ƙaramin kwano da ya ciro daga aljihu, rabin ruwan kuma yana zuba a ƙasa saboda robar ba ta tsayuwa da kanta. Haka abin yake idan lokacin salla ya riski mutum a daji, domin ruwan da ke ɗigowa ta bakin tiyo ba ya yi wa alwala daɗi ko kaɗan. Shi ya sa a ganina jakar ba ta maye gurbin gora, dole a haɗa su biyu, kuma an yi sa'a aljihun raga da ke gefenta yana ɗaukar gora.

Wanke ta shi ne aikin da ya fi cin rai. Idan aka ajiye salkar da danshi a ɗaki mai zafi, fumfuna takan fito baƙi-baƙi a cikin tiyo da lungunan roba, kuma buroshin da zai shiga tiyon ba ya zuwa tare da jakar. Ni da ruwan ɗumi da ɗan sabulu nake wanke ta, in ɗauraye sosai, in cusa ludayi mai tsabta a ciki don kada ɓangarorin su manne, sannan in rataye ta a inuwa baki ƙasa. Bakin tsotson ma yana kwasar ƙura, don haka gara a nemi wadda ta zo da murfi. Shawarata mai ƙarfi ita ce kada a zuba komai a ciki sai ruwa zalla. Zoɓo, kunun aya, ko ruwan gishiri da sukari duk suna barin zaƙi a tiyo, fumfuna kuma zaƙi take so.

Wannan ba yana nufin a bar gishirin ba ne. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki, kuma wanda ya yini yana shan ruwa zalla mai yawa ba tare da ya ci komai ba zai iya jin kasala, jiri da tashin zuciya. Saukin shan da jakar ke kawowa yana iya sa mutum ya wuce kima. Ƙunshin gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis, irin wanda ake narkarwa a lita 1 na ruwa, a gora nake haɗa shi, ina kuma riƙe da ƙuli-ƙuli da dabino a aljihun gaba.

Dangane da ƙarko, yadin jakar ya burge ni. Ya sha gogayya da dutse, ya ratsa sarƙaƙiya da ƙayar aduwa, amma bai yage ba, salkar ma ba ta taɓa hujewa ba. Raunin yana wurin zif, wanda ƙura ke sa shi cijewa, da kuma ragar gefe wadda ƙarangiya ke maƙalewa a jikinta. A gandun dajin Yankari, inda na goya ta zuwa kogwannin Marshall tare da ɗan rakiya, na lura cewa birai a sansanin Wikki sun san aljihun da abinci yake, saboda haka kada a ajiye ta a ƙasa a shiga wanka a maɓulɓular ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31 ba tare da wani yana tsaronta ba.

Ga mai hawan dutse, mai tseren keke, ko mai shirin gudun dogon zango, kuɗin da aka sa a wannan jaka ba asara ba ne, da sharaɗin zai jure wahalar wankinta kuma zai haɗa ta da gora. Wanda yawonsa bai wuce zagayen filin wasa da safe ba, gora ta ishe shi. Mai niyyar yini a kan dutse a cikin bazara kuwa ya nemi mai lita 3, ya kuma tabbatar tun a shago cewa tiyon yana cirewa daga jikin salkar, domin wankin mai cirewa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.