Ƙwararren Mai Hoto ko Wayar Ɗan'uwa?

Masu shirin biki kan rasa zaɓi tsakanin ɗauko ƙwararren mai hoto da barin aikin ga ɗan'uwa mai waya. Wayar ba ta cin ko sisi, kuma da rana, a wurin ɗaurin aure, hotonta kan fito tsaf. Da daddare take gazawa, a wajen kamu ko dina, inda fuskar amarya ke dusashewa, zanen lallenta ya cakuɗe da duhu. Ƙwararre kuwa yana zuwa da fitilarsa, yana kuma ankare da lokacin da uwa za ta share hawaye. Kuɗinsa yana da nauyi, domin ya haɗa da gyaran hotuna da buga albam, amma a ganina gara a rage wata hidimar a biya shi.