Sikeli mai pil da kwalbar awo: yadda na same su a aji

Na yi zango guda ina aiki da kayan nan biyu a wani kolej a Yamai: ƙaramin sikeli mai ɗaukar giram 500, da kwalbar awo ta roba mai cin mililita 100. Darasin shi ne wanda littafinmu ke kira masse volumique, wato a raba nauyin abu da girman wurin da ya cike.

Sikelin ya biya ni. Yana nuna har giram 0,1, amma a kashe fanka kafin awo, don iska kaɗai tana sa lambobin rawa. A dasa shi a tebur mai daidai, a danna maɓallin da aka rubuta TARE ya koma sifiri, a auna abu tun yana busasshe.

Kwalbar ce ke da magana. Tsakanin zane da zane mililita 1 ne, kuma mililita 1 daidai yake da cm³ 1. A zuba ruwa ya kai 50, a karkata kwalbar a zurara abin a hankali, sannan a durƙusa ido ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Ƙarin da ruwan ya yi, shi ne girman abin. Guntun alminiyom mai giram 27 zai ɗaga ruwa zuwa 60, a raba 27 da ƙarin 10 ɗin, lissafi ya ba da giram 2,7 a kowane cm³. To, yaro in ya karanta 61, amsarsa ta faɗo ƙasa da 2,5. Zane ɗaya tak! Shi ya sa ƙusa guda ba ta awo a wannan kwalba. Sai a tara kamar ashirin a auna su tare, sannan amsa ke kusantar 7,9 na baƙin ƙarfe. Kumfar iska da ke maƙalewa a jikinsu kuma, ɗan ƙwanƙwasa kwalbar yana kore ta.

Malamai ƴan'uwa, kayan gwaji suna nan tuli a kasuwar Katako. Jan ƙarfe na wayar lantarki ya fi ba da amsa mai tsabta, kusan 8,9. Guntun tukunyar alminiyom da aka zuba da hannu kuwa yakan ɓoye ramuka a ciki, sai amsa ta gaza ta littafi. Marmara, wato jan dutsen nan mai ramuka, da bulo suna shan ruwa, kada a sa su.

Bakin kwalbar ƙunci gare shi, dutse mai ɗan kauri ba ya shiga. Wanda zai saya, ya haɗa da ta mililita 250.