Shagon da ke juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo a Tudun Wada

Masu kaset ɗin biki ko suna da ke jibge a ƙarƙashin gado, don Allah ku fito da su tun fumfuna ba ta gama da su ba. Akwai wani ɗan shago a Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci, aikinsu ke nan juye kaset zuwa filas ko memori, in kana so ma su haɗa maka shi kamar fim ɗin tarihin gidanku.

Namu na walimar dawowar Baba daga Makka ne, lokacin yana aikin masaƙa a Kakuri. Yaron shagon bai cusa shi a na'ura kai tsaye ba, sai da ya buɗe ya nuna min farin fumfuna a gefen zaren, ya goge a hankali, ya ce in aka sa shi a haka kan na'urar zai toshe. Kuma abin ba ya son gaggawa, kaset mai awa 3 sai ya yi awa 3 cur yana juyawa, ga na'urar ma lallaɓa ta suke yi tunda kamfanin Funai na Japan da ya rage yana ƙera ta ya daina tun 2016.

Abin da ya fi taɓa ni shawarar da ya bayar, wai mu zo da Hajiya ta kalla ana ɗaukar muryarta. Wallahi nan aikin yake. Ita ke faɗin wancan Kawu ne, waccan kishiyar Inna ce, wannan maƙwabcin ya koma Zariya, mutanen da mu ba mu san ko sunansu ba. Ta daɗe tana ba mu labari farar riga Baba ya sa ranar, sai ga shi cikin shuɗiya, ta yi shiru can ta ce to ita dai fara take gani har yanzu. Na ce kar a yanke wajen.

Inda ban ji daɗi ba, sun ɗora kiɗa ya danne muryar Baba yana addu'a, sai da na koma aka cire, sunaye ma sun yi kuskuren rubuta wasu. Ku rubuta musu sunayen da kanku, ku ce a ba ku wanda ba a taɓa ba daban, kuma ku karɓo kaset ɗinku.