Kompressor ko Turbo: Wanne Ya Fi Jure Wa Kano?

Mercedes ta sauƙaƙa wannan gwaji, domin injin ɗaya ne, M271 mai lita 1.8, ta fitar da shi iri biyu. C230 Kompressor na da sufacaja (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin don ƙara masa ƙarfi) ta kamfanin Eaton, ƙarfin doki 192. C250 da ta biyo baya turbo aka sa mata don wannan aikin, doki 204, kuma ƙarfin janta ya kai 310 Nm, waccan kuwa 260.

A takarda turbo ta ci. A kan titi sai an duba.

Sufacaja da bel take aiki, karanshaf, babbar sandar injin, ke juya ta, don haka kana taɓa totur mota ta amsa. A cunkoson Kurna, inda ake tafiya taku ɗaya a tsaya, wannan ba ƙaramin daɗi ba ne. Aibinta shi ne daga ƙarfin injin take ci, shi ya sa ta fi shan fetur. Gyaranta da sauƙi: bel in ya tsattsage a sauya, in ka ji ƙaras-ƙaras a bakinta mota na tsaye, yawanci robar da ke haɗa sandarta ce ta cinye. Man sufacajar daban yake, a rufe cikin jikinta.

Turbo kuwa hayaƙin salansa ke juya ta, sama da juyi 150,000 a minti, kuma baƙin man injin ne ke shafa ta yana sanyaya ta. A nan ake asara. Ka taso da gudu daga Zariya a zafin Afrilu, ka kashe mota nan take, man da ya rage cikinta sai ya ƙone ya zama gawayi, ya toshe siririn bututun da ke kai mata mai. Daga nan sai shuɗin hayaƙi da kuka kamar jiniya. A bar injin ya yi minti ɗaya zuwa biyu kafin a kashe, a zuba mai na sintetik, a juye duk kilomita 5,000. Man jarka na bakin titi kam, ajalinta ne. Lokacin hunturu a riƙa duba iyakilina, wato matatar iska, domin ƙura na cinye fukafukan farfelarta kamar an goga fayil.

Mai sayen turbo ta hannu a Ƙofar Ruwa ya kama sandar tsakiya da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi. In tana shiga tana fita, ko farfela ta karci bango, a ajiye ta.

Mai direba ko mai jinkirin juye, Kompressor ta fi rufa masa asiri. Kafin biyan kuɗin ko wacce, a tayar da ita da sanyin safiya a saurari ƙarar sarƙar taimin, mai daidaita buɗewar bawul da juyin injin, wadda ita ce lagon M271.