Gwajin jinin da ka tambaye ni, Yaya

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ka tambaya ko a nan Ingila akwai gwajin da ke nuna ciwon sikila zai tashi wa yaronmu tun bai tashi ba. Na gane wanda ka ji labari, don da hannuna nake yin sa a ɗakin binciken da nake aiki.

A bangon jijiyoyin jini akwai wasu sinadarai masu danƙo: ICAM-1, VCAM-1, E-selectin da P-selectin. Aikinsu su riƙe fararen ƙwayoyin jini a inda ake da kumburi. Idan jijiya ta sha wahala sai su yawaita, wasu su ɓalle su bi jini, a nan muke kama su. A jikin mai sikila VCAM-1 yakan yi yawa, jajayen ƙwayoyin su riƙa mannewa har hanya ta toshe. Muna ɗiga ruwan jini a faranti mai ramuka 96, ya yi shuɗi, a ƙarshe ya koma rawaya, na'ura ta karanta kaurin launin, wanda ke nuna yawan sinadaran. Kafin nan samfurin yana kwance a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wuta ba ta ko ƙiftawa. Duk sanda na buɗe ta sai na tuna jinin da ke lalacewa a gida saboda ɗauke wuta, raina ya ɓaci.

Amma ko a nan likita ba ya rubuta wa majinyaci wannan gwaji. Na masu bincike ne, domin ciwon suga, ciwon zuciya, har shan taba duk suna iya ɗaga wasu daga cikin sinadaran nan. Maganin sikila na crizanlizumab ma, da ke toshe P-selectin, Amurka ta amince da shi a 2019, Tarayyar Turai kuma ta janye izininsa a 2023 da gwajin da aka yi wa maganin ya kasa nuna amfaninsa.

Inda mutanen Ingila suka fi mu shi ne bibiya. Jariri na kwana 5 ake ɗan soka masa allura a dunduniya a duba sikila, idan yana da ita a ɗora shi kan maganin fenisilin, daga shekara 2 kuma duk shekara a yi masa hoton jijiyoyin kai don gudun shanyewar ɓarin jiki. Don Allah, Yaya, kada ka bari a sayar maka da wancan gwajin. Ran da za ku koma asibiti, ka tambayi likitansa batun hoton nan da maganin hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon sikila, sannan ka turo min sakamakon jininsa na ƙarshe in gani.