Tsabtace ruwan sha: matatar zare mai rami ko ƙwayar kulorin?

Idan aka buɗe matatar ruwa ƙirar kamfanin Sawyer ko LifeStraw, damin zarurruka ne sirara a ciki, kowanne da rami a tsakiya kamar tsinken shan lemo. Bangon zaren cike yake da ƙofofi masu faɗin maikuron 0.1 zuwa 0.2 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ruwa ya ratsa ya wuce, laka da ƙwayoyin kwalara da taifot su maƙale, don sun fi ƙarfin ƙofar. Ba jira, ba wari. Amma bairos, irin mai kawo ciwon hanta nau'in A, ƙanƙane ne, sulalewa yake yi. Ruwan kududdufi kuma kan toshe matatar. Sai a cika sirinji da ruwa mai tsabta a tura ta baya, dattin ya fito.

Kulorin, irin su Aquatabs, ba ya tacewa, kashe ƙwayoyin cuta yake yi, har da bairos ɗin. Sai dai a jira minti 30, a haƙura da ɗanɗanonsa. Laka na rage masa ƙarfi, ƙwayar cutar Cryptosporidium mai sa zawo kuwa ko a jikinta.

Ruwan rafi ko na rijiya marar murfi, ni tace shi zan fara yi, in jefa ƙwayar kulorin daga baya. Gishiri da dalmar da suka narke a ruwa dai, duk cikinsu babu mai cirewa.